An Hana Orsola Magana Da 'Yarta

Duk unguwar Carlton ta birnin Melbourne an san gidan Malam Celso Venosta, don shi kaɗai ne a layinsu yake da allon tagulla a jikin ƙofa, an rubuta cewa mai gidan mutumin birnin Firenze ne, yana koyar da Italiyanci tsantsa, ba gauraye. A shekarun nan matan attajiran Melbourne sun haukace da waƙar opera da ake rerawa da Italiyanci, duk wadda 'yarta ba ta iya lanƙwasa harshe da Italiyanci ba, to ba ta shiga sahu ba. Kuma ba kowane iri suke saye ba, sai na Firenze, wai shi ne na asali.

To Malam Celso, Allah na tuba, ko ƙofar Firenze bai taɓa gani ba. Ɗan tsauni ne daga yankin Valtellina, ubansa makiyayin awaki, a wurin wani fadan coci ya koyi harshen littafi, wato Italiyancin masu ilimi. 'Yan tsaunin da ke garin duk sun sani, suka kame bakinsu, don ba mai son a ce shi ya zubar wa ɗan'uwa da abinci. Ya murɗe gashin baki, ya sayi safar hannu, magana kuwa in ya fara sai ka rantse a gidan sarauta aka yanke masa cibiya. Abu ɗaya ne ya gagare shi gyarawa, matarsa Orsola. Ita in ta buɗe baki, ko kurma ya san daga bayan dutse ta gangaro. Yaren tsauni kaɗai ta iya. Turanci ko na sayen gishiri babu, harshen littafi kuwa sai ɗan abin da take tsinta a coci.

Abin ya taso ne wata Talata, lokacin 'yarsu Livia tana shekara huɗu. Madam Tolhurst tana falo ana mata darasi. Mijin matar nan ya rasu ya bar mata tumaki fiye da mutanen wani garin, amma bai bar mata ɗa ko ɗaya ba, kuma ta taɓa yin hunturu guda a Firenze, ba ta bari kowa ya manta da haka. Orsola ta shigo da tiren shayi, Livia tana riƙe da gefen siket ɗinta tana zuba surutu da yaren tsauni. Madam ta sauke tabarau ta yi wata tambaya da Turanci. Orsola ba ta ji abin da aka ce ba, amma ta ga kunnuwan mijinta sun yi ja, ta ga ya yi yaƙe ya nuna ta da yatsa, ta kuma ga Madam ta yi mata irin kallon da ake wa akuyar da ta shigo ɗaki.

Baƙuwa na tafiya ya same ta a kicin, ya rufe ƙofa. Sai an rufe ƙofa yake yaren ubansa.

"Me ka ce mata, Malam? Na ga ka nuna ni."

"Cewa ta yi ba ta taɓa jin irin wannan magana a Firenze ba. Na ce a bakin mai dafa mana abinci yarinyar ta kwasa. Ƙarya na yi? Ba ke kike dafawa ba?"

"Ni ce 'yar aiki yau?"

"Kada ki ɗaga min murya. Matar nan in ta yi tari, rabin attajiran unguwar Toorak sun ji. Ranar da aka gane daga inda muka fito, ranar za a cire allon nan, sai ki faɗa min abin da za ki zuba a tukunya. Daga yau kin daina magana da yarinyar nan. In kina son ta yi abu, ki nuna mata da hannu."

Orsola ta yi dariya, don ta ɗauka wasa ne. "Haba, Malam! 'Yar da na haifa?"

"Na ɗan lokaci ne, har bakinta ya zauna. Bakin yaro ɗanyen yumɓu ne, abin da aka danna masa shi yake bushewa da shi. So kike ta tashi tana gurnani irin naki?"

Da farko Orsola ta yi kunnen uwar shegu da dokar. Malam na sa ƙafa waje za ta ɗauki 'yarta ta ɗora a kan teburin kicin, su yi ta hira har tukunya ta ƙone. Amma mugu ya san makwantar mugu. Malam bai taɓa matarsa ba ko da yatsa. Da yamma sai ya kira Livia falo ya tsayar da ita, ya yi ta nuna mata abubuwa yana tambayar sunansu, cokali, taga, takalmi. In kalmar tsauni ta kuɓuce mata, sai ya ce ta miƙo hannu, ya zuba mata rula, ya kuma bar ƙofa a buɗe don a ji daga kicin.

"Ba ni nake dukanta ba, ke ce," in ji shi. "Kowace kalma kika sa mata a baki, a tafin hannunta za ta biya."

Ranar da Orsola ta ga yarinya ta kasa riƙe cokali don kumburi, ranar ta ɗinke bakinta da kanta. Wace uwa ce ba za ta yi ba?

Abin da ya rage mata shi ne gyaran gashi da safe. Livia za ta zauna a kan ƙaramar kujera tsakanin gwiwoyinta, Malam yana gefe da jarida, kunne a miƙe. Orsola takan cika bakinta da fil ɗin gashi, ba don tana bukatarsu duka ba, sai don kada magana ta suɓuce. Tana taje gashin a hankali, tana jan lokaci, ta kitse ta warware ta sake kitsewa. In an gama Malam ya kama hannun yarinya su fita yawon darasi gida-gida, don Livia ta zama tallar sana'arsa. Yakan tsayar da ita kusa da fiyano ta rera baitoci da harshen Firenze, matan nan su yi ta tafi da safar hannu suna cewa jini ba ya ɓuya.

Da a ce don abinci kaɗai ne, da Orsola ta ce talauci ne ya ja musu. Amma akwai wani abu a ƙasan. Wata rana Livia ta faɗi a matakala ta ƙuje gwiwa. Ubanta yana tsaye a gabanta ya buɗe hannuwa, yarinya ta ratse ta gefensa da gudu ta faɗa kicin, ta cusa fuska a cikin uwarta. Orsola ba ta ce uffan ba, jijjiga ta kawai take yi. Da ta ɗaga kai sai ta ga Malam a bakin ƙofa, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa.

"Ni nake koya mata komai. Ni nake yawo da ita cikin manyan mutane. Amma in ta ji ciwo ke take nema. Me kike ba ta ne?"

"Ban ce mata komai ba, kai ma ka gani."

"Shi ne na tambaye ki, me kike ba ta?"

Kishi ne tsirara, na uba da yake ganin an fi shi a wurin 'yarsa. Daga wannan mako Livia ta koma cin abinci da shi a falo, wai don ta koyi riƙe wuƙa da cokali mai yatsu. Aka ce a gaban baƙi ta riƙa kiran uwarta Orsola, kada harshe ya suɓuce. Tun da baƙi kullum suna nan, sai aka ce gara ta saba gaba ɗaya. Daga baya aka sauko da gadon Orsola zuwa ɗan ɗakin da ke bayan kicin, wai ɗalibai suna hawa sama su ajiye huluna, kada su ga rigar mace su yi tambaya. Ko a coci ran Lahadi, uba da 'ya suna gaba, ita tana can baya wajen ƙofa.

Ta yi ƙoƙarin koyon harshen littafin nan, kada a ce ba ta yi ba. Tana goge tagar falo tana satar ji, ta koma kicin ta yi ta maimaitawa ga tukwane. Wata safiya ta yi ta maza, ta cire fil daga baki, ta ce wa yarinyar gashinta ya yi kyau. Malam ya sauke jarida ya tuntsire da dariya har da hawaye, ya maimaita maganar yana kwaikwayon bakinta. Livia ta dubi ubanta, ita ma ta yi dariya. Ba mugunta ba ce, yarinya ce 'yar shekara shida ta ga ubanta yana dariya. Orsola ta mayar da fil ɗinta baki, ba ta sake gwadawa ba.

Yayanta Battista, mai ƙona gawayi a dajin Daylesford, ya zo gari sau ɗaya. Ta ƙofar baya aka shigo da shi. Ta tuƙa masa polenta, tuwon masarar 'yan tsauni, ya zauna yana ci da hannu, ita kuwa ta kwashe duk abin da ke cikinta ta zube masa, don ta daɗe ba ta sami mai jin yarenta ba.

"Yana dukanki?" in ji Battista.

"A'a."

"Yana shan giya ya dawo yana tangaɗi? Yana bin mata?"

"A'a, Yaya, amma 'yata..."

"Ke dai kin ƙoshi ne. Zo ki ga matanmu a daji, a bukkar ɓawon itace suke haihuwa. Ke ga rufin kwano, ga famfo a bayan gida. Mutum yana so 'yarsa ta zama wani abu, ke kina kukan surutu? Surutu ake ci? Ki yi haƙuri, in ta girma ta san uwarta. Ƙaro min miyar nan."

Malam ma ya leƙo, ya rufe ƙofa, ya cire safar hannu ya yanki polentar da ya hana a kai falo, wai mutanen Firenze ba sa ci. Shi da surukinsa suka yi ta hirar awakin ƙauye suna lashe yatsu.

Sai Madam Tolhurst ta fara aiko da keken doki ran Asabar a ɗauki Livia, wai tana son ta riƙa jin harshen a bakin yaro. Daga wuni aka koma kwana. Yarinya ta riƙa dawowa da ƙamshin sabulun wani gida, da sabon takalmi, da labarai cike da baki, amma duk na uban ne, da Turanci ko da harshen littafi. Orsola tana jin sunan Madam yana fita daga bakin 'yarta sau goma kafin a sha shayi. Nata sunan kuwa sai in ana son ruwan zafi.

Nan fa kishi ya kama ta, irin wanda yake hana abinci wucewa. Ta tsani matar nan, ta tsani tabaranta da laimarta da ƙarar ƙafafun dokinta. Takan laɓe a bayan labule ta ga yadda Madam take sunkuyawa ta yi wa Livia raɗa a kunne, yarinya ta ƙyalƙyale da dariya ta rungume wuyanta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, matar ba muguwa ba ce. Da gaske take son yarinyar. Amma ita da ba ta yi naƙuda ba, ita ke da izinin yin magana, ta faɗi duk abin da ta ga dama, a amsa mata. Rannan Livia ta dawo an warware kitson da Orsola ta yi, an nannaɗe gashin irin na 'ya'yan Toorak. Washegari da Orsola ta jawo ƙaramar kujera, yarinya ta dafe kai da hannu biyu ta girgiza shi. Malam ya ce daga bayan jarida, "Bar shi, 'yar aikin Madam ce za ta riƙa yi mata."

Gab da Kirsimeti, wadda a ƙasar a tsakiyar bazara take faɗowa, ana zafin nan da iskar arewa take busowa kamar daga bakin tanda, Madam ta aiko da farar riga mai leshi, wadda Livia za ta sa ta rera waƙa a liyafar gidanta. Yarinyar tana shekara tara lokacin. Kwana biyu tana shiga tana fita tana shafa rigar nan. Aka kawo wa Orsola ta goge. Ta shimfiɗa ta a tebur, ta ɗauko dutsen guga daga kan murhu, ta ɗora a ƙirjin rigar. Ta san ya yi zafi da yawa. Ta ji ƙauri ya tashi, ta ga hayaƙi, amma hannunta ya ƙi ɗagawa, kuma gaskiya ita ce, a wannan ɗan lokacin ta ji sanyi a ranta.

Sanyin bai daɗe ba. Livia ce ta fara shigowa. Ta ga baƙin tabo shatar dutsen guga, ta dubi fuskar uwarta, ta gane ba kuskure ba ne, don yara ba wawaye ba ne. Ta ƙwala ihu, ta yi ta zazzaga magana da Turanci tana buga ƙafa. Orsola ta durƙusa ta miƙa hannu, yarinya ta ja da baya har ta bugi bango.

Malam kuwa kamar an ba shi kyauta. Ya rufe ƙofa ya ce, "Kin gani ko? Da ma Madam ta daɗe tana roƙo in ba ta yarinyar ta zauna wurinta, ta sa ta makarantar 'yan mata, in sun tashi tafiya Turai su tafi tare. Ina ta jan ƙafa saboda ke. Yau kin yanke min shawara da hannunki. Macen da za ta ƙona rigar 'yarta don baƙin ciki, gobe me za ta ƙona?"

"Kai ka mayar da ni haka, Celso."

"Ni na riƙe miki dutsen gugar?"

Bayan sabuwar shekara keken doki ya zo da hantsi. Orsola ce ta shirya akwati, ita ta ɗauko shi a ka har bakin titi. Madam tana zaune a ciki da laima. Livia ta fito da hula mai ribon, ta sumbaci ubanta, ta ɗaga ƙafa za ta hau. Sai Orsola ta riƙe hannunta. Rular Malam ba za ta kai Toorak ba, yau babu abin da za a biya a tafin hannun kowa. Ta buɗe baki a tsakiyar titi, a bainar jama'a, da yaren tsauni.

"'Yata, tsaya ki ji. Rigar nan da gangan na ƙona, ki yafe min, kishi ne ya ci ni, don na ga kina rungume wata. Ban yi shiru don ba na son ki ba, don hannunki na yi shiru. Ni na haife ki a ɗakin saman nan, ni kaɗai, kafin ungozoma ta iso. Kunnenki na hagu yana ciwo in sanyi ya shiga, ki faɗa musu su ɗiga miki mai mai ɗumi, su ba su sani ba. Kada ki kwanta da jiƙaƙƙen gashi. In kin ji ciwo a can, in kin rasa inda za ki sa kanki, ina nan a kicin, ba inda zan je."

Ta faɗi wannan, ta faɗi fiye da wannan, maganar shekara biyar tana ture juna a bakinta. Maƙwabta suka leƙo. Livia tana tsaye tana kallon leɓunanta, goshi a tattare, kamar mai sauraron ruwan sama a kan kwano. Da Orsola ta tsaya shan numfashi, yarinyar ta juya wajen ubanta ta yi tambaya da harshen littafi, gajeriya, wadda ko Orsola ta gane.

"Baba, me take cewa?"

Malam Celso ya gyara safar hannu. "Ta ce a sauka lafiya, kuma safarki tana ƙasan akwati."

Wannan ma Orsola ta gane. Ta laluba cikin 'yan kalmomin da ta taɓa sata a bakin taga, ko za ta sami guda biyu da za ta haɗa, amma duk sun gudu. Livia ta ɗan dubi Madam, ta dubi matar da ke riƙe da hannunta tana kuka. An koya mata a Toorak cewa 'yar mutunci tana kyautata wa masu aiki. Ta zare hannunta a hankali, ta yi ɗan murmushi mai ladabi.

"Na gode, Orsola."

Direba ya kaɗa linzami.

Har yau in ana hirar Malam Celso a Carlton, yabonsa ake yi. Mutumin kirki, ba ya sha, ba ya duka, ya fitar da 'yarsa daga talauci ya kai ta cikin manya. Ba wanda ya taɓa ganin tabo a jikin matarsa, balle a kai ƙara wurin ɗan sanda ko fada. A ce an yi mata me? An raba uwa da 'ya suna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, ba a sa wuƙa ba, ba a sa igiya ba, kuma wanda ya yi aikin malamin harshe ne, wanda ake biya don ya koya wa baƙi yadda za su gane juna. Yayanta ya ci polenta ya ce ta yi haƙuri, sauran 'yan tsauni suka ce ba a shiga tsakanin miji da mata. Tir da irin wannan kirki.

Keken ya sha kwana ya ɓace. Malam ya shigo da ita cikin gida ya rufe ƙofa, ya sauke ajiyar zuciya kamar wanda ya sauke buhu. Sannan ya dafa kafaɗarta, ya yi magana da yaren tsauni tsantsa, irin na ubansa makiyayi, har da tausasa murya.

"To, shi ke nan, an gama. Na ɗage dokar. Yanzu ki yi ta maganarki yadda kike so."

Orsola ta dubi matakala, ta dubi ƙofar kicin.

"Da wa?" ta ce.